Shekara bakwai a bayan babur ɗinsa

Jama'a, kwana biyun nan duk inda ka leƙa a Facebook maganar goyo ake yi. An sake tunatar da mu cewa dokar nan ta 2013 tana nan, ba a soke ta ba, sai muhawara ta ɓarke. Wasu suna cewa a ƙara matsawa, tunda ga abin da 'yan bindiga suke yi a kan babura can wajen iyakarmu da Katsina. Wasu suna cewa talaka kawai ake takura wa. Wani ƙanena har kirana ya yi a waya, wai Yaya kai da ba ka barin magana ta wuce ka, ya aka yi ka yi shiru a kan wannan? Na ce masa zan yi magana, amma sai na samu natsuwa, domin ni idan aka ce goyo, mutum guda nake tunawa, kuma yau wata huɗu ke nan da muka kai shi maƙabartar Tarauni.

Ba zan rubuta sunansa ba. Iyalinsa ba masu son a yi ta yawo da sunansu a waya ba ne, shi ma da ransa bai taɓa buɗe Facebook ba, cewa yake wannan majalisar marasa aikin yi ce. Waɗanda suka san ni a Hotoro ko a sakateriya sun san wanda nake nufi. Ni Direba nake ce masa, shi kuma Fasinja yake ce min. 'Ya'yana kuwa da suka taso, Baba mai babur suka san shi da shi.

A 2006 na kama aiki. Ɗaki ɗaya nake haya a Hotoro, ba mata, ba keke, sai takardar digiri da kaftani uku da nake juyawa. Kullum da safe zan fito bakin titin Maiduguri da fayil a hammata ina jiran ɗan acaɓa ko bas. Wanda ya san Kano ta lokacin ya san yadda take: babura kamar fara, hayaƙi shuɗi ya rufe gari, ƙaho ta ko'ina. Adaidaita Sahu sabbi ne a lokacin, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo su don ɗaukar mata, ba wanda ya yi zaton wata rana su za su gaje garin baki ɗaya. Wata safiya sai wani mutum a kan jar Jincheng ya wuce ni, ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo.

"Malam, ba Audu Bako za ka ba? Ina ganinka a can. Hau mana."

Na hau. Da muka isa na zaro kuɗi, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka ga na yi maka kama da ɗan acaɓa?" Washegari ya tsaya a daidai wurin. Jibi ma haka. Kafin wata ya ƙare ya san ƙofar gidanmu, ƙarfe bakwai da kwata zai danna ƙaho sau biyu, in na yi jinkiri ya ƙara na uku mai tsawo wanda duk layin sai sun ji.

Ya girme ni da shekara shida. Da difloma ya fara aiki, a wata ma'aikata daban da tawa, yana ɗakin ajiyar fayil. Saboda digiri na shigo a saman matakinsa, kuma bai taɓa bari na manta ba. In muka tsaya a majalisa sai ya ce, "Ku duba ikon Allah, difloma a gaba, digiri a baya, kuma digirin bai san hanya ba." Kuɗin mai ya ƙi karɓa fafur. Sai da muka yi rigima sosai kafin ya yarda da sulhu: shi da fetur, ni da baƙin mai da faci da filogi. Lokacin da lita take naira 65 na yi lissafin abin da yake rage min a wata, na ga da shi na soma tara kuɗin lefe. Uwargidana ta san wannan. Har gobe cewa take akwatinta ɗaya na Baba mai babur ne.

Akwai abin da mutanen mota ba su sani ba game da hira a kan babur. Ba ka ganin fuskar wanda kake magana da shi. Ƙeyarsa kake gani, da kunnensa, da wuyan rigarsa, da zufar da take gangarowa daga ƙarƙashin hula. Shi ma ba ya ganinka. Iska tana kwashe rabin maganar, dole ka sunkuyo dab da kunnensa, shi kuma ya ɗan karkato kai. To mu Hausawa kun san mu da kunya da ƙumbiya-ƙumbiya. Namiji zai shekara ashirin da aboki suna cin tuwo a kwano ɗaya bai taɓa faɗa masa abin da ke hana shi barci ba. Amma a kan babur, da yake ba ido a cikin ido, sai magana ta riƙa fitowa da kanta. A tsakanin shataletalen NNPC da Dangi na ji labarin ɗansa na fari da ya rasu yana wata takwas, wanda ko a majalisa ba ya ambata. A nan na ji bashin da ya ɗauka don aurar da ƙanwarsa, da yadda mahaifinsa ya rasu suna 'yar tsama. Ni ma a nan na faɗa masa gidan da aka hana ni aure saboda ba ni da komai. Bai ce min ka yi haƙuri ba. Ya yi shiru har muka wuce kasuwar Tarauni, sannan ya ce, "Akwai wata 'yar maƙwabcin yayata a Gyaɗi-Gyaɗi." Ita ce yanzu uwar 'ya'yana huɗu.

Da mun sauka kuwa shi ke nan, an rufe. Zai kafe babur, ya gyara hula, ya koma tsokana. Ba a taɓa ɗauko maganar kan babur a ƙasa ba.

Mutum ne mai ƙa'ida a tuƙi, har ta kai ga ban haushi. Ba ya shiga tsakanin tirela da gefen titi ko da za mu makara. Ba ya tsere da kowa. Kafin na hau sai ya duba na tattare rigata, domin ya taɓa ganin yadda taya ta naɗe babbar rigar wani dattijo ta fizgo shi ƙasa. Ranar Juma'a in na sa babbar riga sai ya ce, "Fasinja, naɗe dukiyarka." A aljihun gefen babur akwai tsohon filogi, da guntun sanfefa a cikin kwalin ashana, da sifana biyu, da tsumma. Jincheng ɗin nan in ta yi tari sau ɗaya ya san abin da ke damunta. In mai ya ƙare ya juya rizab, in rizab ya ƙare ya kwantar da ita a gefe ɗaya, ya ɗaga, ya hura tanki, ya buga, ta tashi ta kai mu wajen 'yan bumburutu. Ni dai aikina riƙe fayil da addu'a.

Da hunturu yakan sa wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo da ya saya a Ƙofar Wambai, ya naɗe hanci da rawani, ya zama min garkuwa, duk iskar a ƙirjinsa take ƙarewa. Da damina mun san kowace rumfa da ake fakewa daga Hotoro zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, mun san mai shayin da ba ya korar mutane ko ba su sayi komai ba. Da azumi ba ma magana a hanyar dawowa, sai dai ya tsaya ya sayi ƙanƙara, ya miƙo min ledar, in riƙe ta tana ɗiga a cinyata har gida. Da safe kuma shi ne rediyona. Duk abin da aka faɗa a shirin Inda Ranka na Freedom jiya da dare sai ya maimaita min, da ƙarin gishirinsa.

Kun tuna Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole kowa ya sa hular kwano, direba da fasinja? Garin nan aka ga abin dariya. Masu ƙwarya, masu robar fenti, har kafafen labaran waje suka ɗauka. Shi kuwa ya je ya sayo na gaske guda biyu, ya rubuta D a ɗaya, F a ɗaya da jan fenti. Sati uku aka yi ana yayin abin aka watsar, shi bai watsar ba. Muna tafe yara suna nuna mu suna cewa ga 'yan sama jannati. Na ce masa Direba, hular nan tana ɓata min karin hula. Ya ce, "Karin hula ake gyarawa, ban taɓa ganin mai gyaran ƙwaƙwalwa a bakin titi ba."

Ba aiki kaɗai muke zuwa ba. Mun je Wudil ranar kasuwa ba don sayen komai ba, sai don cin kifi a bakin gada. Mun je ɗaurin aure Gezawa, mun je gaisuwar mutuwa Dawakin Kudu. Shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, 2009 ke nan, kusan duk wasan gida muna filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, kuma a hanyar dawowa ne kaɗai na taɓa ganin ya karya ƙa'idarsa yana danna ƙaho ba dalili.

Sai 2012 ta zo. Ta fara da cire tallafin mai ranar 1 ga Janairu, lita ta tashi daga 65 ta haura 140 kafin a dawo da ita 97 bayan zanga-zanga. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga Juma'ar 20 ga wata. Da yammacin ranar muna wajen bakanikensa a Gyaɗi-Gyaɗi ana ɗaure mana sarƙa, sai muka ji ƙara ta farko, ƙasa ta girgiza. Kafin mu gama tambayar juna sai ta biyu, sai harbi ta wajen Farm Centre. Mutane suka watse, kowa yana gudu bai san inda ya nufa ba. Ya ce min, "Hau, kada ka yi magana." Bai bi titi ba. Lungu-lungu ya dinga bi, ta bayan gidaje, ta kan bola, ta wuraren da ban taɓa sanin suna ɓullewa ba, ga hayaƙi muna hangowa ta gefe. Ina jin bugun zuciyarsa ta bayansa, ko tawa ce, oho. Sai bayan magariba muka shiga Hotoro. 'Yan sanda daga baya suka ce mutum 185 aka rasa a ranar. A layinmu kaɗai an yi zaman makoki biyu.

Daga nan babur ya zama abin tuhuma. Yaran da aka haifa bayan lokacin ba za su gane ba. Shingen bincike ko'ina, buhunan yashi da ganguna. In ka doso shinge sai ka kashe babur tun daga nesa, ka sauka, ka tura, na bayanka ya biyo ka a ƙasa, wani wurin ma hannu a sama. Ƙarfe shida na yamma ta yi maka a waje da babur, ka shiga uku. Hotoro kuwa, da barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma da defon mai, mu muka fi kowa shan wannan. Akwai lokacin da sai mun sauka sau biyar kafin mu kai ofis. Ina tuna shi cikin farar shadda, gumi ya jiƙa bayansa sharkaf, yana tura Jincheng a rana, ya waiwayo ya ce, "Ka ga adalci. Shekara shida tana goya mu, yanzu mu muke goya ta."

Ranar Asabar 19 ga Janairun 2013 aka buɗe wa motar Mai Martaba Sarki Ado Bayero wuta a Hausawa, yana dawowa daga Masallacin Murtala. Allah ya tsare shi, amma direbansa da dogarai suka rasa rayukansu. Kwanaki kaɗan bayan haka mataimakin gwamna na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya sanar da hana acaɓa. Maiduguri ta riga mu, tun 2011 aka hana babur a can baki ɗaya. Mu namu aka bar mutum ya hau abinsa, amma shi kaɗai.

Safiyar da dokar ta fara aiki, ƙarfe bakwai da kwata, na ji ƙaho sau biyu. Na fito. Yana zaune a kan babur bai kashe ba, hular kwano mai F tana rataye a hannun babur ɗin. Ya miƙo min ita ya ce, "Fasinja, gwamnati ta sallame ka. Ga giratutinka." Muka yi dariya. Sannan ya bi ni a hankali, ƙafafunsa suna jan ƙasa, ina tafiya yana gefena har bakin titi, ya tsaya sai da na samu abin hawa. Ya fi wata yana yin haka.

Na ci bashin ƙungiyar adashen ma'aikata na sayi Lifan. Shi ya koya min, a wani fili bayan Hotoro, da faɗa da komai. Muka koma tafiya babur biyu, yana gaba ina baya. Zumunci bai ragu ba, kullum muna tare, matanmu sun zama 'yan'uwa, shi ya yi wa ɗana na biyu huɗuba. Amma waccan hirar ta tsaya. Mutum biyu a kan babur biyu sai dai ƙaho da nuni da hannu. A majalisa kuma ga mutane, ga ido. Shekaru suka yi ta tafiya, na samu ƙarin girma, a 2017 na sayi tsohuwar mota. Na ce to Direba, yau rana ta juyo, zo in rama. Ya shiga sau biyu ya ce shi ba zai iya zaman ɗaki a tsakiyar titi ba. Lokacin da ake aikin gadar Dangi, daga baya kuma ta shataletalen NNPC, ina cikin cunkoso zan hango shi ya sulale ta gefe, ya ɗaga min hannu ko waiwaye babu. In na isa ofis in tarar har ya sha shayi.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Hawan jini, ana shan magani ana bari. Sai ƙafa ta soma kumbura, takalmi ya daina shiga. Da aka yi gwaji aka ce ƙoda ce, duka biyun, sai wanki sau biyu a sati. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda a garin nan ya san abin da wannan kalmar take nufi ga mai albashi. Abokan aiki suka yi karo-karo, masallacin layinsu suka yi, 'yan'uwa suka yi. Filin da ya saya a wajen Mariri ya tafi. Sannan babur ya tafi. Ba jar Jincheng ɗin ba, ita ta daɗe da tsufa ya bai wa wani almajirinsa, wani ne da ya saya daga baya yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ranar da mai saye ya zo, shi da kansa ya fito yana dafa bango, ya nuna masa yadda ake tayar da shi da sanyin safiya, ya ce kada ya sa masa baƙin mai na kan titi. Kuɗin bai kai mu wata biyu ba.

Ni nake kai shi asibiti ranar Talata, ƙaninsa ranar Asabar. A mota, yana gefena. A nan na lura ashe ban saba da fuskarsa a hanya ba. In na waiwaya in ga yadda ya rame, idanu sun faɗa, sai shi ma ya kau da kai ya dubi taga. Hirarmu ba ta wuce Pillars da tsadar shinkafa. In na ce yaya jikin, ya ce da sauƙi. Shi ke nan.

Tun bayan 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, da yawanmu mun jingine motoci mun koma babur, ni ma Lifan ɗina na karkaɗe, mota sai ranar asibiti. Wata Talata ta ƙi tashi. Batir ne ko mene ne, muka tura muka gaji. Na ce bari in samo Adaidaita. Ya ce a'a, jijjigarta tana tayar masa da zuciya. Ya dubi Lifan ɗin da ke jingine a zaure ya ce, "Ɗauko wancan."

Na ce, "Direba, doka fa."

Ya ce, "In sun kama mu ka ce kaya ka ɗauko."

Yaransa suka ɗora shi. Wallahi da ya zauna ban ji babur ɗin ya nutsa ba, kamar yaro na goya. Ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya. Ba mu yi nisa ba ya fara: sassauta, ba a kama birkin gaba a kan yashi, wa ya koya maka tuƙi, bar wa mai tifar nan hanya. Na ce wanda ya koya min ne bai iya ba. Ina jin dariyarsa a bayana, ƙasa-ƙasa. A wajen Tarauni wani jami'i ya ɗaga mana hannu. Na tsaya. Ya zo da fuska a ɗaure, ya dubi na bayana, ya ga filastar da ke wuyansa da katin asibiti a hannunsa. Ya ja da baya ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya. Ku bi a hankali." Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Da muka wuce sai ya yi shiru. Can sai na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yadda ni nake yi masa a da. Ya ce babban yaronsa yana maganar barin karatu ya karɓi Adaidaita haya don ya taimaki gida, kada in bari. Ya ce akwai ɗan littafi a cikin aljihun tsohuwar rigar sanyinsa, duk bashin da ake binsa yana ciki, a biya kafin a raba ko tsinke. Ya ce uwar yaran ba ta da lafiyar da take nunawa, a riƙa dubawa. Ya ce shi ba ya tsoro, abin da ke damunsa kawai ƙaramar ba za ta tuna shi ba. Ban ce komai ba sai to, to, in sha Allah. Hawaye yana zubo min iska tana busar da shi, kuma na gode Allah da ba ya ganin fuskata. Da muka isa aka sauke shi, ya dubi ma'aikacin da ya kawo keken marasa lafiya ya ce, "Wannan ɗan acaɓan kada a biya shi, bai iya ba."

Sati bakwai bayan nan ya rasu, daren Alhamis, aka yi jana'iza bayan sallar Juma'a.

To ga ƙanena da ya ce in yi magana a kan doka. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ina Hotoro lokacin da bam ya tashi a layin masu sayen kananzir a gidan man NNPC a 2014. Ba labari aka ba ni ba. Na san abin da mutum biyu a kan babur suka yi wa garin nan, na san gidajen da har yau ba su warke ba. Ba na cikin masu son acaɓa ta dawo yadda take a da, wanda ya ga karayar ƙafafun da aka yi a shekarun nan ba zai so ba. Amma a riƙa bambancewa. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 71,000 ne, ya biya Adaidaita daga Hotoro ko Mariri zuwa cikin gari ya dawo, kwana ashirin da wani abu a wata, me ya rage masa? Maƙwabcinsa yana da babur, hanyarsu ɗaya, kujerar baya ba kowa. Da idonmu muna gani an daɗe ana kau da kai ga wanda ya ɗauko matarsa ko 'yan makaranta, wato su kansu masu aikin sun san ba kowane goyo ne barazana ba. To a rubuta shi mana a fili, a san wanda aka yarda ya ɗauka da shaidar da zai nuna, ko katin aiki ne ko takardar mai unguwa, maimakon a bar shi ga sa'ar wanda ka tarar a shinge. Mu mun yi sa'a ranar Talatar nan. Wani mai jinyar zai tarar da wanda bai karya ba tun safe. Kuma in za a matsa, a fito da manyan motocin haya masu sauƙi a titin Maiduguri da titin Zariya tukuna. Iyakar abin da zan ce ke nan, masu ilimin tsaro sun fi ni sani.

Ranar jana'izarsa babura sun cika layin har sun fito titi. Bakanikai, masu faci, masinjoji, tsofaffin 'yan acaɓa da suka koma Adaidaita, mutanen da ban taɓa gani ba. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce shekara uku marigayin yana kai shi karɓar fansho. Wani ya ce shi ya kai matarsa asibiti tana naƙuda cikin dare lokacin dokar hana fita. Ashe ba ni kaɗai ba ne fasinja, ni dai na fi daɗewa.

Yaron bai bar karatu ba, yana aji biyu yanzu, mu huɗu muka raba nauyin a tsakaninmu. Littafin ma mun same shi inda ya ce. Bashi goma sha ɗaya ne, mun biya tara. Na goma bakanikensa ne na Gyaɗi-Gyaɗi, naira 3,500 kuɗin sarƙa, da muka kai masa ya fashe da kuka ya ce wallahi ba zai karɓa ba, ya yafe duniya da lahira. Na sha ɗaya an rubuta "mai lemo, bakin asibiti, 800", mun je sau uku ba mu same shi ba, an ce ya koma garinsu. In akwai wanda ya san wani mai lemo da ya tashi daga wajen a 'yan watannin nan, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Haka duk wanda yake bin marigayin wani abu da bai shiga littafin ba, komai ƙanƙantarsa, ya sanar da ni kafin ƙarshen watan nan, domin ana so a raba gado.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.